Miyar Taushe a Cissin

Muhammad Auwal ya shigo Wagadugu yana saurayi, daga Kano, da dila ɗaya ta atamfa da sunan wani kawunsa da ke zaune a Zango. Kawun ya rasu, dilar ta zama shago a gefen babbar kasuwa, saurayin ya zama Alhaji Auwal mai shadda, ƙaton mutum mai murya, wanda in ya yi dariya a bakin shagonsa sai masu sayar da takalma na tsallaken hanya su ɗago kai su tambayi me aka ce. Abu biyu aka san shi da su a Zango: ba ya sayar da shadda mai zuba, kuma babu lungun da ake dafa abinci mai daɗi a garin nan da bai sani ba.

Abokansa na kusa biyu ne. Hamadu haifaffen Zango ne, ubansa Bahaushe, uwarsa Bamoshiya, sana'arsa gyaran firji. In yana magana sai ya fara da Hausa, ya ratsa ta Faransanci, ya ƙare da Moore, yaren Mosawa, bai ma san ya yi ba. Rasmane kuwa Bamoshe ne da ya tashi a unguwar Peuloghin cikin maƙwabta Hausawa, ya iya Hausa tun yana wasan ƙasa. Ya koyar a lakwal har ya yi ritaya, shi ya sa har yau Mushe, wato Malam, kowa yake ce masa. Matarsa Rokia ta rasu bayan doguwar jinya, 'ya'yansa sun yi aure, shi kaɗai ne a gidan.

Da can su ukun ba sa buƙatar alkawari kafin su haɗu. Masallacinsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya bayan la'asar. Sai aikin ZACA na sabunta gari ya zo, aka rushe unguwannin tsakiyar gari, kowa ya kama gabansa. Hamadu ya koma Cissin, Rasmane ya samu gida a Dapoya, Alhaji Auwal ne kaɗai ya rage a ɗan abin da ya saura na Zango. Da ya ga wata yakan zo ya wuce ba su ga juna ba sai a wurin jana'iza, sai ya kawo shawara: kowace Lahadi bayan azahar a fita a ci abinci a waje, shi zai riƙa zaɓen wuri.

Shekara da shekaru suna haka. Ba aiki ne mai sauƙi ba, don a garin nan wuri mai daɗin nama sau da yawa za ka tarar da giya a teburin kusa, ko alade a tanda ta baya. Alhaji Auwal ba ya yarda da labari. Shi da kansa yake zuwa a tsakiyar mako, ya leƙa madafa, ya tambayi wanda yake yanka, ya shinshina man da ake suya da shi. Ta haka ya kai su wurin wani tsoho mai gasa kajin ƙauye da tafarnuwa, da wata mai benga, wake da shinkafa, wadda tukunyarta take ƙarewa kafin la'asar, da masu kifin da ke bakin madatsar ruwa. In an kawo abinci shi yake fara sa hannu. Zai tauna, ya kalli sama, su biyun suna jira kamar masu shari'a, sannan ya yanke hukunci da ƙarfi har mai abincin ta ji.

Wata safiya yana auna wa wata mata yadi sai almakashi ya faɗo daga hannunsa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai ba ta haƙuri, maganar ta fito a karkace. Maƙwabtansa na kasuwa ne suka kai shi asibiti. Likita ya ce tansiyo ce, hawan jini da ya daɗe yana fama da shi bai sani ba, ta shanye masa ɓarin dama.

Ƙafar ta dawo a hankali, har ya iya tafiya da sanda. Maganar ma ta dawo, sai dai da nauyi, kamar mai magana da goro a baki. Hannun dama ne ya ƙi. Ya kwanta a cinyarsa, yatsun a lanƙwashe, kuma gefen bakinsa na dama ba ya jin abin da ya taɓa shi.

Hamadu da Rasmane suna zuwa gaishe shi kullum a farko, daga baya duk bayan kwana biyu. Yana karɓarsu a falo, ya amsa gaisuwa, ya saurari labarin gari. Amma da zarar matarsa Adawiyya ta shigo da tire sai ya kawar da kai.

“Ku ci, bismillah. Ni na ƙoshi.”

“Alhaji, me ka ci?” in ji Hamadu. “Tun safe nake nan, rien du tout, ko ruwa ban ga ka sha ba.”

“Na ce na ƙoshi.”

Ranar nan Adawiyya ta raka su har zaure, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya tana murza bakin mayafinta.

“Yana ci,” ta ce. “Amma sai na ajiye masa na fita, ya tura ƙofa. Ko ni ba ya yarda in gani. In na dawo ɗaukar kwano sai in tarar ya ɓoye rigar a ƙarƙashin matashi.”

“Saboda hannun hagu ne?” Rasmane ya tambaya. “Ai lalura ce, babu laifi.”

“Liman ya zo har ɗaki ya faɗa masa haka. Alhaji ya ce ya sani. Ya ce sanin bai hana miya bin gemunsa ba.”

Su biyun suka ci gaba da fitar Lahadi, don Alhaji Auwal da kansa ya ce kada su fasa. Amma ba su iya zaɓe ba. Rasmane ya kai su wani wuri a Dapoya, sai da suka zauna suka ga akwatunan kwalabe jere a jikin bango, suka tashi a kunyace. Hamadu ya kai su wurin wata kaza da suka yi ta ja da haƙori har suka haƙura. Ko a wuraren da suka saba, mai abinci sai ta tambaya ina Alhaji, su ba ta labari, ta yi salati, abincin ya zo su ci shiru. Rasmane ya ce gara a bari kawai. Hamadu ya ce a'a.

Ana nan sai aka kira Hamadu gyaran firji a wani sabon gidan abinci kusa da gidansa a Cissin. Da ya gama ya wuce Zango ko hannu bai wanke ba.

“Alhaji, na ga abin mamaki yau. Wata mata ta buɗe restora a unguwarmu, ta sa allo ƙato, an rubuta Tuwon Kano.”

Alhaji Auwal yana kallon talabijin, bai juyo ba.

“Ta ce miyar taushen da take yi, ko a Kano babu irinta. Ta ce Kanawan Wagadugu duk sun manta ɗanɗanon garinsu.”

“Wa ta ce wa haka?”

“Ni. A gaban mutane.”

“Kai me ka ce?”

“Me zan ce? Ni ban taɓa zuwa Kano ba. Na ci dai, kuma wallahi, c'est bon.”

“Kai ai ko ruwan wanki aka zuba wa yaji za ka ce sebon,” in ji Alhaji Auwal. Can ya ce, “Da yakuwa ta yi ko da alayyahu kawai?”

“Ni ina na sani? Kore dai na gani.”

Alhaji Auwal ya yi tsaki. Lahadi ta zo ta wuce bai fita ba. Amma Adawiyya ta ce ya tambaye ta sau biyu ko ta san wata Bakanuwa da ta koma Cissin. A Lahadin da ta biyo, da safe, ya sa ta kira masa Hamadu a waya.

“Zan je in gani,” ya ce. “Gani kawai. Ba zan ci ba.”

Adawiyya ta ciro masa wata riga mai duhu. Ya ce ba ita ba, shaddarsa mai ruwan sararin sama yake so, wadda aka yi wa aiki a wuya. Ta dube shi, ta ɗauko ta taya shi sawa. Hamadu ya bar babur ɗinsa a gida ya zo da koriyar tasi, Rasmane yana gaba.

Gidan abincin tsakar gida ce da aka rufe da kwano, da teburan roba, da fanka biyu suna juya zafi. Wurin ya cika. Akwai iyalai da yara, da samari suna kallon ƙwallo a talabijin da aka rataye a bango. Tun daga ƙofa Alhaji Auwal ya ga idanu suna sauka a kan sandarsa, su gangara kan hannunsa, su kauce da sauri. Ya ɗaga kai ya taka a hankali har teburin da ke tsakiya, don shi ne kaɗai babu kowa.

Rasmane ya ja masa kujera. Ya karɓi sandar ya jingine. Da mai kai abinci ta zo da buta da roba don wanke hannu, Rasmane ya miƙe da sauri, ya karɓi butar, ya kama hannun hagun Alhaji Auwal ya wanke masa yatsa bayan yatsa, ya goge da hankicinsa. Sannan ya juya wurin matar ya shiga yi mata bayani da Faransanci, da muryar aji, wadda ake ji har kujerar baya: wannan bawan Allah ba shi da lafiya, a rage gishiri, a kawo cokali, tuwon ya zama mai laushi, naman kuma a yanka ƙanana.

“Na ce ba zan ci ba,” in ji Alhaji Auwal a hankali.

“Za ka ɗan taɓa,” in ji Rasmane. “Kaɗan kawai.”

Hamadu ya taka ƙafar Rasmane a ƙarƙashin tebur. Rasmane ya janye ƙafarsa, ya zaci kuskure ne.

Aka kawo tuwon shinkafa da miya, tana tururi, man ja ya taso a samanta. Ƙamshin ya daki Alhaji Auwal. Ya daɗe yana kallon kwanon. Rasmane ya riga ya gutsuttsura tuwon, ya tura masa cokali kusa da hannu. Alhaji Auwal ya ɗauki cokalin. Ya ɗebo, ya ɗago. Rabi ya shiga baki, rabi ya bi gefen da ba ya ji, ya gangara ta gemu ya sauka a kan aikin wuyan shaddar. Bai sani ba. Ya ɗaga ido sama yana taunawa kamar yadda ya saba, zai yanke hukunci.

Sai ya ji hannu a haɓarsa. Rasmane ne ya miƙo hankici yana goge masa baki, ɗaya hannun ya tallafe masa ƙeya.

Wani yaro a teburin kusa ya ce wa uwarsa wani abu da Moore, uwar ta buge masa hannu.

“Sake ni!”

Muryar ta fito da ƙarfinta na da, amma a karkace, har samarin da ke kallon ƙwallo suka juyo.

“Ni ɗan lakwal ɗinka ne? Ni jariri ne? Sake ni na ce!”

Ya ture hannun Rasmane, gwiwar hannunsa ta bugi kwanon, miyar ta kife a tebur ta zubo ƙasa. Wurin ya yi tsit, sai muryar mai sharhin ƙwallo. Ya lalubi sandarsa, ya miƙe da ƙyar. Hamadu ya yunƙura zai taimaka, kallo ɗaya Alhaji Auwal ya yi masa ya koma ya zauna. Maimakon ƙofar da suka shigo, wadda sai ya ratsa dukan teburan kafin ya kai, sai ya bi wata ƙaramar ƙofa da ke kusa.

Ta bayan gidan ta fitar da shi, inda ake girki. Murhu uku, tukwane manya, itace a jibge, da wani benci a gindin dalbejiya yana fuskantar jar hanya. Ƙafarsa ba za ta kai shi titi ba. Ya zauna a bencin. Sai a lokacin ya ga rigarsa. Ya sa hannu zai goge, man ya ƙara bazuwa. Ya bar shi. Idonsa na dama dama yana zubar da ruwa tun da ciwon ya same shi, amma yanzu har da na hagu.

A ciki Rasmane yana zaune da hankici a hannu, bakinsa a buɗe. Ya yunƙura zai bi shi, Hamadu ya riƙe masa riga.

“Mushe, zauna. Laisse-le. Bar shi ya sha iska.”

Alhaji Auwal bai lura da matar da ke tsaye a bakin murhu ba sai da ta yi magana. Doguwa ce, kakkaura, ta ɗaure zani a ƙirji bisa riga, da ludayi a hannu. Ita ce Hajiya Zulai mai wurin.

“Kai ne ka zubar min da miya?”

Ya ɗago. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri.

“Kai ne Bakanon da mai gyaran firji ya ce zai zo ya yi min jarrabawa? To ka ci ka faɗi, ba ka zubar ka gudu ba.”

Ya tsaya yana saurarenta. Harshen ba na Kano ba ne. Ya san harshen nan, ya sha ciniki da masu shi.

“Ke ai ba Bakanuwa ba ce,” ya ce.

“Allah ya kiyaye! Badamagariya ce ni, gaba da baya.”

“To don me kika rubuta Tuwon Kano a ƙofarki?”

“Don na san Bakano da son ciki. In ya ga sunan garinsu a allo, ko da rarrafe sai ya zo. Ga shi kuwa kai da sanda ka zo.”

Tun da ya kwanta ciwo babu wanda ya ambaci sandar nan a gabansa sai da addu'a. Ya dubi matar, ta dube shi, ko gezau. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun kaka da kakanni, ba a fushi, kuma ba a tausayi. Wani abu ya taso masa daga ciki, ya zaci kuka ne, sai ya fito dariya, rabin baki, har da tari.

“Bayinmu sun samu wuri,” ya ce yana goge ido.

“Su wa? Tambayi kakanka wa ya kore shi har bakin ganuwa.”

Ta juya ta kwashe tuwo a akushi, ta zuba miya a wani kwano, ta jawo wata 'yar kujera da ƙafa ta ajiye su a kai, ta gefen hagunsa. Ba ta kawo cokali ba.

“Ci ka faɗi gaskiya, in Bakano ya iya gaskiya.”

“Hajiya, hannuna...”

“Na gani. Ɗayan fa? Shi ma a Kano ka baro shi?”

Ba ta jira amsa ba. Ta koma bakin murhu, ta ba shi baya, ta shiga faɗa da wata mai tuƙa tuwo a kan wuta ta yi yawa. Gabansa babu kowa sai hanya, da wani mai amalanke da ya wuce da jarkokin ruwa bai ko kalle shi ba.

Ya yi bismillah. Ya gutsuri tuwon da yatsun hagu, ya mulmula da ƙyar, lomar ta fito a karkace. Ya tsoma a miya ya kai baki. Wani abu ya ɗiga, ya ji saukarsa a riga. Ya ƙara gutsura. Tuwon ya fi biyayya a yatsu fiye da a cokali. Ya ci loma ta uku, ta huɗu, sannan ya ɗaga kai ya kalli ganyen dalbejiya.

“Hajiya!”

“Na'am, Bakano.”

“Kabewa ta yi yawa. Gyaɗa ta yi kaɗan. Babu yakuwa ko ganye ɗaya, da tsamiya kika yi wayo. Daddawar nan kuma ta Mosawa ce, tun daga ƙofa na ji ta.”

Ta juyo da ludayi a ɗage. “Daddawar Kano zan aika a kawo min a jirgi saboda kai?”

“To ki sauke allon.”

“In ba daɗi me ya sa akushin ya kusa ƙarewa?”

“Yunwa ce. Wata nawa ban ci abincin kirki ba.”

“Matarka ta ji ka!”

Hayaniyar ce ta fito da Hamadu. Ya leƙo, ya ga abin da ake ciki, ya koma, ya dawo da kwanonsa a hannu. Ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya fuskanci hanya shi ma, ya ci gaba da cin abincinsa kamar dama nan aka ajiye shi.

Rasmane ne ya fito daga ƙarshe. Bai ɗauko abincinsa ba. Ya tsaya daga gefe, hannuwa a baya, kamar wanda aka kira ofishin darekta. Alhaji Auwal ya ci loma biyu bai kalle shi ba. Sannan ya ɗan muskuta, ya janye sandarsa daga kan bencin.

“Mushe, zauna. Tsayuwarka tana tare min iska.”

Rasmane ya zauna a tsakiya, a takure. Ya daɗe yana juya hankicin a hannu.

“Alhaji, ka yafe ni,” ya ce. “Ban yi tunani ba. Haka nake yi wa Rokia a shekararta ta ƙarshe. Wanke hannu, cokali, goge baki. Da na ga miyar ta zubo, hannuna ne ya tafi da kansa.”

Alhaji Auwal ya tsaya da loma a hannu. Ya san Rokia ta yi jinya, ya je gaisuwa, ya je jana'iza. Amma bai taɓa tambayar wa yake ba ta abinci ba. Ya tuna ranakun Lahadin da Rasmane yakan ci da sauri a shekarar nan, ya ce a ƙunsa masa wani abu mai laushi, su kuma suna yi masa tsiya wai tsoron mata.

“Allah ya ji ƙanta,” ya ce.

“Amin.”

“Ni ma na yi maka ihu a gaban mutane. Bai kamata ba.” Ya kai lomar baki, ya haɗiye. “Amma in na ce ka bari, ka bari. In ina so zan tambaya. Bakina ya karkace, bai mutu ba.”

“Na ji.”

“To yanzu ina tambaya. Ba ni hankicin nan.”

Rasmane ya miƙa masa. Ya goge gemunsa da kansa, bai goge daidai ba, wani ɗan ganye ya maƙale a gefe. Rasmane ya gani, hannunsa ya motsa, ya mayar da shi cikin aljihu. Hamadu ya ce, “À droite, dama, Alhaji, ƙasa kaɗan,” idonsa yana kan hanya. Alhaji Auwal ya goge.

Hajiya Zulai ta aiko wa Rasmane da sabon kwano, da zom-kom, ruwan garin gero mai sanyi, a kofuna uku, ta ce na Bakano ba sukari, kada ya mutu a ƙofarta a ce Damagarawa ne. Suka zauna a bencin har aka kira la'asar a wani masallaci da ke bayan layin. Su biyun suka tafi a hankali, daidai da tafiyarsa, ya yi sallarsa a zaune a kan kujera, da man ja a ƙirji.

Da tasi ta sauke shi a Zango, Adawiyya tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta ga rigar. Ta ajiye faranti, ta miƙe, fuskarta ta canza, tana jiran ya wuce ɗaki ya tura ƙofa. Sai ya jawo kujera ya zauna a inuwa.

“Badamagariya ce,” ya ce. “Kin ji ƙarfin hali? Ta rubuta Tuwon Kano. Tsamiya ta sa a miyar taushe, Adawiyya. Tsamiya!”

Ya yi ta ba ta labari, yana tsayawa ya nemo kalmar da ta maƙale, ya ci gaba. Ta taya shi cire rigar a nan tsakar gida, ta jiƙa ta a bokiti, tana saurare. Rabon da ta ji ya yi magana mai tsawo haka tun kafin asibiti.

“Na ce mata zan turo ki ki koya mata,” ya ce. “Ki je ki nuna mata yadda ake yi.”

Adawiyya ta ci gaba da cuɗa wuyan rigar. “Ni ina na san yadda ake shiga irin wuraren nan, Alhaji?”

“Kamar yaya?”

“Tun da ka kawo ni garin nan ban taɓa cin abinci a waje ba, in ba gidan biki ba. Labari dai nake ji a bakinka kowace Lahadi. Na san mai benga, na san tsohon nan mai kaji, na san wadda ta cika gishiri. Ban taɓa ganin ko ɗaya ba.”

Ba da ƙorafi ta faɗa ba, ko ɗago kai ba ta yi ba. Shi kuwa ya tsaya yana kallon bayanta, da hannuwanta cikin kumfa.

Hannun dama bai dawo ba. Ya yi ta zuwa gashi da motsa jiki, yatsa biyu suka ɗan saki, shi ke nan. Wata Lahadin yakan fita da abokansa, wata kuma ya tashi da nauyin rai ya ce su tafi kawai, su kuma sun koyi kada su matsa. Shagon ɗan ƙanensa ne yake riƙe da shi, shi yakan je da hantsi ya zauna a baki yana yi wa masu ciniki gardama.

Amma a makon da suka je Cissin ɗin, ranar Alhamis da yamma, ya sa Hamadu ya turo masa tasi. Ya ce wa Adawiyya ta sa mayafinta mai kyau. Ya kai ta wani gidan abinci na 'yan Senegal da aka daɗe ana ba shi labari bai taɓa zuwa ba. Ta zauna a bakin kujera, jakarta a cinya, ta rasa inda za ta sa idonta. Da mai kai abinci ya tambaye ta abin da take so, sai ta kalli mijinta.

“Ke aka tambaya,” ya ce.

Ta nuna abin da ta gani a teburin kusa, jar shinkafa da kifi da kabeji. Aka kawo musu a faranti ɗaya babba. Ya dubi kifin, ya dubi hannunsa.

“Cire min ƙaya,” ya ce.

Ta cire, ta tura masa tsokar gefensa, sannan ta ɗebi nata. Ta tauna a hankali. Yana kallonta yana jira.

“Yaya?”

Ta waiga ta tabbatar mai wurin ba ya kusa, ta sunkuyo.

“Shinkafar ba ta nuna ba,” ta ce. “Amma kifin, a ƙaro mana wani.”